Furen Bado Ya Ƙwace Mini Majalisa

Duk Birnin Konni babu wanda ya kai ni sanin Masar. Kwana biyu na yi a Alƙahira kan hanyar Hajji, amma shekara tara ke nan ina ba da labarin a majalisarmu bai ƙare ba. Shi ya sa da wani Bajapane mai koyar da aikin lambu a bayan Illela ta hanyar Tawa ya aiko neman wanda ya taɓa ganin kayan Fir'auna, ni aka nuna.

Mun tashi da asuba a wata tsohuwar fijo, jikka guda ta sefa kowane kai. Mutum uku na majalisa suka biyo ni su ga yadda zan ba baƙo ilimi. Na huɗu taubashina ne, masunci, wanda ko Tawa bai taɓa wucewa ba. Ya ce kifin can zai je gani. A Tsarnawa aka loda mana buhunan albasa har kan cinya, muka yi hawaye ba wanda ya mutu. Jandarma ya tsayar da mu a Badagishiri, ya leƙo, wari ya buge shi, ya ce mu wuce.

Baƙon ya tarbe mu bakin tafki da Hausarsa mai ɗingishi. Bayan fura ya ajiye abu biyu a tabarma: hoton wani jariri na dutse zaune a kan fure, daga Masar, da ɗan mutum-mutumin Buda, shi ma a kan fure. Ya ce jaririn allahn rana ne a wurin mutanen Fir'auna. Buda kuwa malamin addinin mutanen ƙasarsa ne, mutum ne da ya farka daga barcin jahilci. Tambayarsa ɗaya: ƙasashe biyu masu nisa haka, me suka gani a furen nan?

Na gyara hula. Na faɗi tsawon dalar Fir'auna, na ƙara mata kamu ɗari. Na faɗi faɗin kogin Nilu. Alƙalamin baƙon bai motsa ba.

Sai taubashin nan ya nuna ruwa da haɓa. "Ai bado ne. Mai shuɗin nan da hantsi shika buɗewa, rana ta yi sama shi rufe. Wanda ya gan shi kullum, dole shi ce rana daga cikinai taka fitowa. Kuma cikin taɓo shika tsira, amma ɗebo shi ka gani, ko ɗigo babu."

Bajapane ya miƙe tsaye! Ya ce na farkon zancen Masar ne, na biyun kuwa shi ne karatun Buda, zuciya ta fito daga ƙazanta da tsabtarta. Ya cika shafi uku. Ya ɗauki hoton masunci, ni ya ce in ɗan matsa, inuwata tana shiga. Kan kifin da aka soya ma gabansa aka ajiye.

A hanyar dawowa mutanena uku suka koma kujerarsa, suna ta "sai me kuma, malam?" Malam! Mutumin da ko lakwal, makarantar boko, bai taka ba. Abin da na koya dai, kada ka je nuna ilimi da taubashi a mota.

Da muka sauka tashar Konni na ja shi gefe, na ce ina ya karanta wannan.

Ya ce, "Alhaji, kai ka biya jirgi ka gano shi a dutse. Mu shi munka ci shekarar yunwa."