Jan Layi a Huhuna

Har gobe ban manta da ranar da muka kai motar ɗaukar hoton ƙirji wani ƙauyen masunta a fadamar Haɗeja ba, bayan ambaliya ta janye. Lokacin ni ce ƙaramar jami'a mai ɗaukar hoto, Dakta Bukar kuma shi ne shugabanmu.

Ga wanda bai san aikin ba, mutum zai manna ƙirjinsa a jikin allo a ɗauki hoton, sai kwamfuta ta duba. An horar da ita da ɗimbin hotunan huhu, har ta iya gane tabo ta kuma nuna inda yake. In ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, sai ta zagaye wurin da jan layi. Daga nan likita ya duba, a gwada kakin mutum.

Matan ƙauyen suka ƙi shiga motar. Wata dattijuwa mai bandar kifi, Iya Hauwa, ta ce min, "'Yar nan, in abin ba ya cutarwa, ke fara shiga mu gani."

Dakta ya ce ai dama ma'aikata ma ana duba su. Na shiga ina dariya, abokin aikina ya ɗauke ni hoton.

Da na fito sai na tarar Dakta ya ƙura wa kwamfuta ido. Na leƙa. Ga jan layi a saman huhun dama, ga sunana a ƙasa. Jaririyata kawai nake gani a raina, wadda nake shayarwa, take kwana a jikina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko kuskure ta yi?"

Ya ce, "Takan yi, Hajara. Amma wannan ni ma na gan shi. Kawo kakinki."

Na sauko, matan na jira. Iya Hauwa ta ce, "To, yaya?"

Na ce, "Iya, kwamfutar ta ga abu a ƙirjina. Za a bincika."

Sai ta ce, "Allah ya ba ki lafiya," ta cire takalmanta ta hau motar. Sauran suka bi bayanta.

Da na koma gida yarinyar ta miƙo min hannu, na kasa ɗaukarta sai da na rufe hanci da baki. Gwaji ya nuna tarin fuka ne, amma bai yi nisa ba. Aka duba yarinyar, ba ta kamu ba, aka ba ta maganin kariya. Ni kuma na sha magani na watanni har na warke.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kwamfuta za ta nuna muku inda ciwo yake, amma ba ta san wa mutum ya baro a gida ba. In kun ga jan layi, ku ba mutumin kujera tukuna, ku tambaye shi su wa yake kwana da su a ɗaki.