Miyar Lasisin Orval Tackett

Orval Tackett mutumin wani ƙaramin gari ne a gindin duwatsun jihar Idaho ta Amurka. Duk wanda ya taɓa bin hanyar garin da hunturu ya ci moriyarsa ko bai san shi ba, don shi ya yi ta tuƙa motar share dusar ƙanƙara tun yana saurayi har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Amma in ka ambaci sunansa a shagon shan kofi, ba zancen motar za a yi maka ba. Zancen tiyonsa za a yi.

Tiyon tsohon injin wanki ne ya yanke, ya naɗe shi da tsumma. Da shi yake kwaikwayon kukan bijimin elk, naman dajin nan mai girman doki da ƙaho mai rassa kamar busasshiyar bishiya. Idan kaka ta shigo, bijiman kan yi ta kuka a kan tuddai suna neman mata da rigima. Kukan yakan fara da gurnani, ya haura ya zama fito siriri, ya ƙare da wani irin tari. Maharbin da ya iya shi, sai bijimi ya ɗauka wani ƙato ne ya shigo masa gona, ya taso da fushi. Orval ya iya. A gareji yake bitarsa, karnukan unguwa suna amsa masa, matarsa Nadine tana leƙowa ta taga.

"Orval, in ka kira shi ya zo, kai za ka nema masa wurin kwana."

Abin da ya rasa shi ne lasisi. Farautar babban bijimi da bindiga a lokacin kukansu ba kowa ake ba wa ba, ƙuri'a ake jefawa, kuma shekara da shekaru sunansa bai fito ba. Ya harbi matan elk don naman gida, ya taya abokai ɗaukar ƙahon nasu bijiman, bangon falonsa kuwa fayau. Sai a shekarar da likita ya ce bayan hunturu za a yi wa gwiwar aiki, kuma shi da hawan dutse har abada, a shekarar sunan ya fito. Ranar da ya ji, da silifas ya fita titi yana busa tiyo da rana tsaka, har wata maƙwabciya ta fito da tsintsiya tana neman abin da ya shigo unguwa.

Ƙanin Nadine, Delbert, makiyayi ne da ke kai shanunsa kan dutse da bazara. Tsakaninsa da Orval ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Ni zan raka ka, Tsoho," in ji shi. "In na bar ka kai kaɗai, da wannan ƙafar taka, bijimin ne zai rataye kanka a falonsa."

Ranar da aka buɗe farauta suka ci wainar fulawa da zuma, suka cika aljihu da busasshen nama, suka hau dawaki. Hantsi bai gama fitowa ba suka ɗaure su a bakin wani kwari. Delbert ya nuna da haɓa.

"Gwada nan."

Orval ya kafa tiyo a baki ya busa. Shiru. Sai can ƙasan kwarin wani kuka ya taso, mai kauri, mai tsatsa, irin na tsohon bijimi da ya daɗe ba a ka da shi ba. Tsikar jikin Orval ta tashi. Ya damƙi hannun Delbert kamar zai karya.

"Ka ji? Ka ji shi, Del? Wannan ba yaro ba ne!"

"Na ji. Sake ni, hannun aro ne."

Suka gangara. Orval ya busa, bijimi ya amsa. Ya sake busawa, amsar ta zo tun bai sauke tiyon ba. Ya manta da gwiwa, ya manta da likita. Yana tsallake faɗaɗɗun itatuwa kamar ɗan shekara ashirin, yana tsintar ƙura yana saki don ya ga inda iska ta nufa. Abu ɗaya ya lura da shi bai ba shi muhimmanci ba: Delbert ko iska ba ya dubawa. Tafiya yake kai tsaye, kamar mai zuwa kicin ɗin gidansu.

Da suka leƙa ta bayan wani ƙaton icce, sai ga shi a fili. Wuya baƙi, jiki ruwan ƙasa, ƙaho reshe shida a kowane gefe, kawunan rassan farare tas. Orval ya durƙusa, ya ɗora bindiga a kan kututture. Yana jira bijimin ya ɗago ya nemi wanda ya tsokane shi, amma bai ɗago ba. Kansa na cikin wani rami yana lasa. Gefen ramin duk an tattake kamar garke, hanyoyin dabbobi sun taho ta kowace kusurwa sun haɗu a nan, ƙasar ta yi fari-fari.

"Del," Orval ya yi raɗa, "me yake lasa?"

"Ƙasa."

"Ƙasa haka kawai?"

"Harba, Tsoho, ka bar tambaya. Ba jarrabawa muka zo ba."

"Gishiri yake lasa, kuma shanunka ba su taɓa kiwo a kwarin nan ba."

Sai Delbert ya fasa ƙwai. Ya ce tun farkon bazara ya kawo dunƙulen gishirin shanu ya ajiye, ruwan sama ya narkar da shi cikin ƙasa, sauran kuma ya kwashe kafin a buɗe farauta. "Ko ma'aikacin daji ya zo, rami zai gani. Ni fa don ƙafarka na yi. Ka san ba za ka iya bin sa saman can ba, kuma daga bana shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa, Orval kuma ya sani. Doka ta hana harbi a kan gishiri, amma ba dokar ce ta fara soke shi ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne, ashe tun safe bijimin ko taku ɗaya bai yi saboda kiransa ba. Yana kan kwanon abincinsa yake amsawa, su ne suka zo wurinsa. Mahaifin Orval yakan ce dabba tana da hanci, da kunne, da ƙafa, kai kana da bindiga. In ka sayi hancinta da kwaɗayi, to ba farauta ka je ba, yanka ka je.

Ya zare harsashin, ya jefa a aljihu, ya miƙa wa Delbert bindigar.

"Riƙe mini. Bari in tambaye shi wani abu."

Ya ɗauki tiyo, ya cika ƙirji, ya saki kukan da bai taɓa yin irinsa ba, mai zagi a ciki. Ya rarumi reshe ya shiga dukan wata ƙaramar bishiya, yana karya rassa, yana turje ƙasa da ƙafarsa mai lafiya. Bijimin ya ɗago, ƙasa a hancinsa. Ya kwantar da ƙaho a gadon baya ya yi wani kuka da ya girgiza kwarin, ya juya wa ramin baya, ya taho.

"Wayyo! Ya taho! Tsoho, ya bar gishirin!" Delbert na tura masa bindiga a haƙarƙari. "Ai yanzu ya halatta! Ina harsashin?"

"Gishirinka ne ya ajiye shi a kwarin nan. Yi mini shiru in ji daɗina."

Bijimin ya yi ta matsowa, ido jawur, tururi na fita daga bakinsa, har warinsa ya cika musu hanci. Ya tsaya kusa da su, kusan da in Orval ya jefa hularsa za ta maƙale a ƙahon. Ya yi kuka a fuskarsu, Delbert ya zube a bayan icce ya rufe kai. Sai iska ta juya. Bijimin ya shaƙi warin mutum, ya yi wata irin juyawa, ya keta daji kamar an saki mota a gangara.

Orval ya faɗi zaune yana dariya har da hawaye.

"Ka gani? Ya zo! Ya bar gishirinka ya zo wurin tiyon wanki!"

"Na gani. Na kuma ga mahaukaci."

Kafin su bar wurin sai da ya sa Delbert ya cike ramin da duwatsu da guma-gumai, shi yana zaune yana ba da umarni. Sauran kwanakin lasisin a ɗaya gefen tsaunin suka yi su, nesa da kwarin. Sun ji kukan bijimai, sau ɗaya ma Orval ya hango bayan wani yana shigewa duhuwa. Gwiwar ta kumbura ta yi kamar kabewa, har Delbert ne ke ɗora shi a kan doki. Aka rufe farauta bai harba ko sau ɗaya ba.

Maharban wajen suna da wata tsiya: wanda ya dawo hannu rabbana, sai a ce ya je ya dafa lasisinsa ya sha miyar. Nadine ba ta bar ta a baki ba. Ranar Lahadi ta gayyaci Delbert, ta dafa miyar dankali, ta kawo wa Orval kwanonsa da lasisin yana yawo a sama.

Orval ya tsamo shi da cokali, ya ajiye a gefe ya bushe, ya kurɓi miyar. Ya tauna dankali.

"Nadine, miyar nan ba gishiri."

"Tambayi ƙanina," in ji ta. "Shi ya kwashe na garin nan duka ya kai daji."

Lasisin yana bangon falo yanzu, da tabon miya, a daidai inda Orval ya tanada don ƙaho. Tiyon na rataye a ƙasansa. Duk baƙon da ya tambaya, sai Orval ya jawo sandarsa ya miƙe, ya sauko da tiyon, Nadine kuma ta tashi ta rufe tagogi saboda karnukan maƙwabta.