Ɗan Kitson Ƙeya

A saman soron gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda, kakata Iya Dije take kafa murhunta. Da an sallame magariba za ta hura gawayi, ta ɗora kaskon gyaɗar da za ta kai ƙofar makaranta da safe, sannan ta miƙe ƙafafu ta ce wadda kitsonta ya tsufa ta matso. Ba sanyi ke tara mu a bakin wutar ba, don iskar tekun Jidda ma ɗumi take kawowa mai danƙo. Gyaɗar da ta ƙone muke jira, da tatsuniya.

Iya tana da ƙa'ida: ba ta tatsuniya sai da kai a tsakanin gwiwoyinta. Ta tsaga layi, ta kama magana. Layi ya ƙare, ta yi shiru ta juya gyaɗa. In kika motsa labari ya tsaya, sauran yara su yi miki caa. Da wannan dabarar ta yi mana kitso shekara da shekaru, ba wadda ta yi kuka.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya," in ji ta.

Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta ranar dodanni. Wai a wani gari, sau ɗaya a shekara dodanni kan fito daga kogi su ci kasuwa. Ranar kowa sai ya ɓad da kama don kada su gane mutum ne: a kifa ƙwarya a fuska, a shafa toka, a rataya ganye. Akwai wata yarinya Ladi, mai son ta fi kowa. Aka yi mata kitso mai tsini biyu kamar ƙaho, ta shafa shuni har wuya, ta ɗaura fatar akuya. Shigar ta yi kyau har ta yi yawa. Da dodanni suka tashi komawa, suka ɗauka tasu ce, suka sa ta tsakiya suka nufi ruwa. Tana ihu suna cewa ƙanwarmu ta iya waƙa.

Uwarta ta bi su har bakin kogi. Babbansu ya ce, "Ga mu a jere. Zaɓi taki, sau ɗaya tak. In kin kuskure, ki tafi da tamu mu tafi da taki." Duk fuska ɗaya, duk ƙaho biyu. Uwar ba ta kalli fuskar kowa ba. Ta zaga ta bayansu tana shafa ƙeya ɗaya bayan ɗaya, har yatsanta ya taɓa wani siririn kitso da ta ɓoye can ƙasa, bakinsa ɗaure da baƙin zare. Ta damƙe shi ta ce, "Wannan hannuna ne."

Daidai nan Iya za ta ja ƙeyata har in ce wash. Kowane irin kitso ta yi mana, sai ta bar wannan ɗan guda a ƙasa. "Ko a taron Arfa kika ɓace, mai kan kwakwa, zan lalubo ki." Ita da ta tako daga Katsina har bakin Maliya da ƙafa, ta san yadda ake rasa yaro a hanya. Ba ta taɓa faɗa mana wa ta rasa ba.

Ni abin da na ɗauka guda ne: yarinya ba ta sake kama. Da shi na reni 'ya'yana. Ba gashin kanti, ba fenti a fuska, ba kwaikwayon matan talabijin. Na san suna cewa har a ƙeya ina da ido. Ban damu ba.

Bara ne jikata Rawan ta zo mini da uwarta, 'yata Asma'u. Shekarunta goma sha huɗu, kuma shekara biyu rabonta da zama a gabana. Kullum tana wani shagon gyaran gashi a unguwar Aziziyya, ana gasa mata kai da ƙarfe har ya kwanta. Hausa tana ji, amma da Larabci take mayarwa. Wai ƙawayenta za su yi biki a wani gidan hutu a Abhur, can bakin teku, mata zalla, na abin nan da suke cewa Halowin, kowa ta yi shigar wata. Wannan za ta zama mawaƙiya mai gashi ruwan hoda, waccan mayyar fim.

"Ba inda za ki," na ce. "Bikin dodanni ba namu ba ne."

Asma'u ta ce, "Ummi, na riga na ce ta je, ni zan kai ta in ɗauko ta. Kitso ta zo roƙo. Masu shagon sun ce ba su iya ba."

Rawan ta miƙo waya. Wata doguwar baƙar mace ce ke taku a wurin nuna tufafi, kanta da tudu tun daga goshi har ƙeya, an jera masa azurfa. Na kawo hoton kusa da ido. Doka ce, irin wadda Iya ke yi ranar Salla.

"Sitti, don Allah," ta ce da Hausarta mai ɗingishi; Sitti take kirana, wato kaka. "Ke kaɗai kin iya."

"Halas, shi ke nan, na gama magana."

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da wayar aljihu, ta ce wa uwarta, "Yalla, mu je mu sayi gashin kanti." Rashin kukan nan ya tsorata ni. Na ga in ta fita ƙofar nan, ba za ta ƙara roƙona komai ba.

Tana neman takalminta tatsuniyar ta faɗo mini. Shekara hamsin ina ba da labarin Ladi, ban taɓa tambayar kaina wa ya kitsa mata ƙahon ba. Ai uwarta ce. Ba ta kulle ta a ɗaki ba. Ta zaunar da ita, ta yi mata abin da take so, ta kuma bar abin da za ta kama in rana ta ɓaci. Iya ba tsoron shiga take koya mana ba. Faɗa mana take yi, ko me muka zama tana da inda za ta riƙe.

"Ke, mai kan kwakwa," na ce. "Ɗauko mataji."

Daga azahar har la'asar sakaliya muna kai. Na ba ta labarin Ladi da Hausa zalla, layi bayan layi. In ta motsa in yi shiru, har ta gane ta daina. Da na gama ta shafa ƙeyarta, ta ji zare.

"Sitti, wannan babu a hoton."

"Ba na hoton ba ne. Nawa ne."

Har yau ban ce bikin ya yi mini ba, kuma na faɗa wa uwarta haka. Dokar kwana uku ta yi aka tsefe, ɗan kitson ƙeyar kaɗai ta bari. Amma ranar Juma'ar da ta biyo, ina tsince shinkafa, Rawan ta shigo, ta ture tiren, ta zauna tsakanin gwiwoyina, ta sunkuyar da kai.

"Sitti," ta ce, "zaren ya kwance."