Makunnin Fankar da Injiniya Ya Bar Mini

Na Allah ne mu, wurinSa kuma muka nufa, sai dai wani ya riga wani isa. Ranar Talata, bakwai ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina, mai gyaran wutar unguwarmu, wanda kowa ke kira Injiniya, bayan jinyar kwana tara a asibiti. Shekara arba'in da ɗoriya muka yi muna zama a barandar shagonsa, da ni da shi da tela maƙwabcinsa.

Injiniya, mutane za su tuna fitilar masallaci da ba ka taɓa bari ta kwana a mace ba. Ni kuwa abin da zan tuna shi ne yadda ka riƙa gasa mu da zafi saboda tsuntsuwa.

Fanka ɗaya ce a barandar nan, kai ka ɗaura ta da hannunka. Wata shekara da sanyi ya wuce, ka kunna ta don gwaji ba ka ɗaga kai ba. Ashe kurciya ta yi sheƙa a bisa kanta. Tsinkaye suka watse, ƙwai biyu suka fashe a kan tabarma, uwar ta koma kan katanga tana kallonmu. Ban taɓa ganin ƙato ya rikice irin na ranar ba. Ka ce ka ji malamai suna karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wata tsuntsuwa tana shawagi an ɗauke mata 'ya'ya, ya sa aka mayar mata. Sai ka dube ni ka ce, "To ni me zan mayar mata?"

Tun daga nan, duk shekarar da kurciya ta dawo, sai ka kwance kan makunnin ka jefa a aljihu. Wata guda cur, har ta ƙyanƙyashe 'ya'yan su tashi. Tela ya taɓa cewa, "Haba Injiniya, mu fa 'yan Adam ne, Allah Ya karrama mu." Ka miƙa masa mafici ka ce, "Shi ya sa Ya ba ka hannu."

Ni ma ban tsira ba. In na zauna bakin famfo, sai in ji muryarka ta bayana: "Alwala kake yi ko wankin mota?" Ko a bakin kogi, in ji ka, an hana ɓarnar ruwa. Ka tara bokiti a ƙarƙashin famfon, abin da ya zuba ka kai wa bishiyar lemon da ke gefen shago. Muka yi ta yi maka dariya. Yanzu ga mu muna shan lemon, kunya ba ta hana mu ba.

Kwana biyu kafin ka cika, ka sa aka kira ni. Na shiga ɗakin jinya na nutsu, na ɗauka wasiyya ce mai nauyi. Sai ka lalubo abu a ƙarƙashin matashi ka danƙa mini. Kan makunnin ne. Ka ce, "Ta ƙyanƙyashe ranar da aka kawo ni. Kada ka ba kowa, balle tela."

A barandar nan aka yi zaman karɓar gaisuwa, rana tana dukan kwano. Babban ɗanka ya durƙuso kusa da ni ya yi ƙasa da murya: "Baba, ku taimaka, baƙi na jiƙewa da gumi. Kwana uku ne kawai." Ba zan ɓoye maka ba, hannuna ya kai aljihu. Kafin in fito da shi, tela ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Wallahi ka kunna, ni da kai ne." Shi ya tashi ya raba wa baƙi mafitai, duk wanda ya tambayi dalili ya nuna masa sama. Mutum ya ɗaga kai, ya ga kawuna biyu suna leƙe, ya yi murmushi ya ƙara maka addu'a.

Ranar Laraba ta sama ɗaya daga cikin 'ya'yan kurciyar ya tashi. Ɗan'uwansa ya yi ta nawa har Alhamis, halinsa irin nawa. Da muka zo mayar da makunnin, dattawa uku muka kasa. Sai Hajiya maiɗakinka ta aiko da ƙaramin sukudirebanka daga cikin gida, da saƙo cewa akwai 'yar ƙusa a gefe, kuma a ɗaga kai tukuna. Mu duka muka ɗaga.

Amanarka ta isa, Injiniya. Allah Ya ji ƙanka kamar yadda ka ji ƙan abin da ba ya iya gode maka. Ya yafe maka ƙwai biyun nan da duk sauran kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba ka inuwa ranar da babu wata sai taSa. Hajiya da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.