Wanda Gwaggo Take Tsallakewa

Jiya ƙanwata ta buɗe akwatin Gwaggo, yayar babanmu, shekara biyu bayan rasuwarta. Ƙamshin turaren wutarta ya taso, sai ga hoton nan na maza huɗu tsaye a kasuwar shanu. Laimar damina ta fara cin gefensa. 

Na tuna wata la'asar a ɗakinta a Ƙofar Atiku. Ta ɗora hoton a cinya tana bin fuskokin da yatsanta mai jan lalle. "Wanga kakanku na, sarkin taurin kai. Wanga ƙanenai na, shi ka kai nama garin Kalambaina." Da ta zo kan na ukun, wani saurayi mai hula a karkace, sai yatsan ya tsallake.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ke, ba ki da kunya?"

Dariya kawai na yi. Daga baya na ji ɗanta ne na fari, wanda ya bi shanu Kudu bai dawo ba. Mace irin Gwaggo kuwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ban tambayi Baba ba har ya rasu, yau duk waɗanda suka san sunan suna ƙasa. In ya bar 'ya'ya, da wane suna zan neme su?

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Ya sa mu ji sunan nan kafin laima ta kai fuskarsa.