Yatsan Baba yana cikin kwamfuta

Ni na ɗauki hoton bidiyon da hannuna, a gonar gidanmu da ke bayan Tsarnawa, lokacin sanyi. Baba, yayan mahaifina, shi ya aika aka kira ni daga Konni inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Ya ce in zo da wayata mai ɗaukar mutum yana tafiya. Ƙanwarsa, Gwaggo, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa ko jika, ta dawo gida da akwatinta da wata tsohuwar ƙwarya cike da irin wake. Baba ya ce zai yanka mata gayauna a cikin gonarsa, yana son a gani a kuma ji, don kada bayan ransa magana ta zama biyu.

Ya tsaya a bakin hanyar shanu, ya dogara sandarsa, ya ɗaga hannu ya nuna.

"Daga nan inda ni ke tsaye har gawon can, na ƙanwata na, muddin tana da rai."

Gawo biyu ne a wannan gefen. Akwai na kusa, akwai na nesa. Daga hanyar shanu zuwa na kusa faƙo ne, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Tsakanin gawon biyu kuwa nan ne ƙasar kirki, inda dabbobi ke kwana da rani suna zuba taki. Ni a lokacin idona na kan waya, rana na haska gilashin, ina ta fama kada kan Baba ya fita daga hoto. Na ji "gawon can" da kunnena. Inda yatsan ya nufa, wayar ce ta gani.

An bar maganar a kan idan ruwa ya sauka za a dasa gamba a kan iyakar, kamar yadda ake yi. Baba bai ga ruwan ba. Da bazara ya kwanta, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Kafin nan na riga na kwashe bidiyon na zuba a kwamfutata, don wayar ta fara kumburin batir, daga baya ma ta mutu gaba ɗaya. Kwamfutar 'yar hannu ce, ta gwanjo, na saye ta a tsallaken iyaka. Akwai sauran wata takarda manne a bayanta da rubutun wani harshen Turai da ban iya karantawa. Ina ji da ita sosai. A nan nake buga jarabawar ɗalibai, kuma a ganina duk abin da ya shiga cikinta ya shiga wuri mai aminci.

Bayan sadakar arba'in aka zauna maganar gona. Babban ɗan Baba, wanda nake kira Yaya, ya ce shi abin da mahaifinsa ya faɗa masa gawo na kusa ne. Gwaggo ta ce na nesa. Kada wani ya ɗauka Yaya mugu ne. Mutum ne mai iyali da yawa da rumbu ɗaya, kuma a gaban mai gari da bakinsa ya ce:

"A kawo hoton. In yatsan Baba gawo na nesa ya nuna, ni da kaina za ni kai shanu in yi ma Gwaggo huɗa."

Mai gari ya juyo gare ni. Na ce ai abu mai sauƙi ne, ranar kasuwa mai zuwa zan zo da kwamfutar kowa ya gani. Har da ɗan alfahari na faɗa. Mai gari ya yanke cewa kafin a ga hoton, kada kowa ya sa iri tsakanin gawon nan biyu.

Ana saura kwana kaɗan, da rana tsaka bayan na tashi daga aji, na haɗa kwamfutar da intanet na sabuwar wayata don in aika wa wani abokin aiki takarda. Na gama, na danna ta mutu. Maimakon ta mutu sai ta rubuta cewa tana sabunta wani abu, kada a kashe ta. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Fankarta ta kama kuka kamar injin niƙa, fuskar ta yi baƙi, ta kunna kanta, ta mutu, ta sake kunna kanta. Na zauna ina kallo, hannuna a kan gwiwa. Tambarin kamfanin ya fito, ya ɓace, ya fito, ya ɓace. Har aka kira la'asar tana wannan ruku'u da tashi, ba ta kai ko'ina ba.

Washegari na hau kabu-kabu da ita zuwa wajen wani mai gyara a bakin kasuwar Konni, mutum mai haƙuri da gilashin ido ɗaure da zare. Ya saurare ni, ya ce abin da ta yi shi ake ce wa mizajur na biyos, wato sabunta biyos. Biyos ɗin wani ɗan tsari ne da ke zaune a kan babban allon cikin na'urar, wanda masu gyara ke kira kat-mer, shi ke tashinta daga barci ya nuna mata inda kayanta suke. An sauya mata shi da sabo, sabon kuma bai san gidan ba.

Ya kwance bayanta. Ya cire batir, ya cire wani ƙaramin batir mai kamar kwabo, ya danne maɓallin kunnawa ya daɗe. Ya zare wasu 'yan faifai ya goge bakinsu da abin goge fensir ya mayar. Na tsaya a kansa ina ba shi shawarwarin da ban san kansu ba, har ya ce in je in sha shayi. Da na dawo ta daina mutuwa da tashi. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, mai shayin ma ya amsa. Sai fuskar ta koma shuɗiya, da rubutu, da wani dogon gurbi fari yana jira.

Mai gyaran ya cire gilashinsa. Ban ji daɗin yadda ya cire shi ba.

"Malam, makulli ta ka tambaya."

Na ba shi kalmar sirrin da nake buɗe ta da ita kullum. Ya girgiza kai. Ya ce wannan wani makulli ne daban, lambobi masu tsawo. Tun a ƙasar da aka fara aiki da ita aka kulle duk abin da ke cikinta, kullewar da ban taɓa sanin tana nan ba, don tsohon biyos yana buɗewa da kansa duk safiya ba tare da ya gaya wa kowa ba. Yanzu da aka sauya shi, na'urar ta ɗauka sace ta aka yi. Makullin yana wajen mai ita na farko.

"Wane ne shi?"

Ya juya ta ya nuna mini guntun takardar nan ta baya. Rabin suna ne na wani buro, wato ofis, a wani gari da ko a taswirar ajinmu ban taɓa gani ba.

Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa. Na zagi wanda ya ƙera ta, da wanda ya kulle ta, da wanda ya sayar mini. Kayana, a ɗakina, a ce sai wani Bature da bai san akwai Tsarnawa a duniya ba ya ba ni izini in ga ubana! Mai gyaran ya bar ni na gama, sannan ya ci gaba da ƙoƙari. Ya nemi tsohon biyos ya mayar mata, ta ƙi karɓa. Ya ciro rumbun ajiyarta ya sa a wata kwamfutar, can ma makullin aka tambaya. Ya kira wani ubangidansa a Sakkwato, suka yi magana mai tsawo, na ji ana cewa "sai haƙuri" daga ɗaya ɓangaren. Na tsallaka iyaka na nemi wanda ya sayar mini, ya rantse shi a buhu ake kawo masa su. A ƙarshe mai gyaran ya ce ita na'urar lafiyarta lau, in na yarda ya wanke ta tas, kafin magariba za ta koma sabuwa. Abin da ke ciki ne kawai zai tafi. Na ce ya rufe mini ita haka nan.

Ranar kasuwa na tafi Tsarnawa da ita a jaka. Gwaggo na zaune a kan tabarma a zauren mai gari, ta sa mayafinta na fita. Na kunna, shuɗin nan ya fito, mutane suka matso suna leƙe.

"Ɗana, yayana na ciki?" in ji Gwaggo.

"Yana ciki, Gwaggo."

"To buɗe mu gane shi."

"An kulle, babu makulli."

"Wa ya kulle?"

"Wani mutum, can Turai."

Ta dube ni kamar na fara taɓuwa. "Mi ya kai shi ga kayanka? To a kira maƙeri mana. Kwado nawa anka ɓalle garin ga?"

Wasu suka yi dariya, ni ban iya ba. Na yi bayanin biyos, na yi na mizajur, ina jin maganar tana fita daga bakina ba ta shiga ko'ina. Mai gari ya ɗaga hannu ya ce a bar na'ura. Tun da ni na riƙe wayar ran nan, in faɗi abin da idona ya gani, zai karɓa, Yaya ma ya ce ya yarda.

Wallahi na so in ce na nesa. Kalma biyu ce, kuma zuciyata ta fi karkata can. Na rufe ido na nemo ranar. Na ga hular Baba, na ga sandarsa, na ga hasken rana a gilashi da ɗan jan layin batir yana gargaɗi. Hannun ya ɗagu, daga nan babu komai. Na buɗe ido na ce ban gani ba. Gwaggo ta gyara mayafinta kawai. Mai gari ya ce to hukunci na nan yadda yake, wurin zai zauna har ranar da na'ura ta buɗe ko wani shaida ya fito.

Ruwan shuka ya sauka cikin makon. Kowa ya fita da sungumi, aka shuka gonar duka, aka bar tsakanin gawo biyu fayau, ciyawa ta samu wuri. Na koma wajen mai gyaran ban san sau nawa ba, har ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni. Na rubuta wasiƙa zuwa rabin sunan nan na bayan kwamfutar, babu amsa. Jarabawar ɗalibai na koma rubutawa a allo.

Da shuka ta yi kamar tsawon hannu na je gaida Gwaggo, ina jan ƙafa. Na same ta a tsakar gida tana wanke tsohuwar ƙwaryar nan da ta zo da ita. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da kwano a rufe. Dafaffen wake ne da mai da yaji, manya-manyan ƙwayoyi farare masu jan ido, irin da ban taɓa gani a kasuwa ba. Na ce wannan wake daga ina?

"Na innarmu na. Tun ina amarya ni ka shibka shi, ko'ina ni zamna. Bana ban samu wurin shibka ba, ga ƙwari sun hwara shiga, ba ya kai baɗi."

Na ajiye cokalin. Ta tura mini kwanon da bayan hannunta.

"Ci, ɗana. Iri ya hi daɗi."

Ta kife ƙwaryar a rana ta zauna tana kallona, ni kuma na ci.