Muryar Karpos Mai Burodi

Duk birnin Simirna babu wanda bai san muryar Karpos mai gasa burodi ba. In ya buɗe baki yana tallan burodin sha'ir a kasuwa, har masunta a bakin teku sai sun waiga. Matarsa Zosime takan ce maƙogwaron jaki aka ba shi aro aka manta.

Uwar Karpos ce ta shayar da Damaratos, ɗan masu gida, wanda ya girma ya zama gwanin jawabi, mai ɗalibai da littattafai. A gaban mutane "Malam" Karpos yake ce masa, a bayan tanda kuwa "ɗan'uwa". To al'adar gwanayen nan, in dandali ya cika, jama'a ke jefa batu, wanda ihu ya fi yawa a kansa shi gwani zai ɗauka, ya yi jawabi nan take ba shiri. Wai ba shiri! Tun suna samari Damaratos kan raɗa wa Karpos batun da ya riga ya haddace, shi kuma ya shige cikin taro ya kwarara shi, jama'a su bi yarima a sha kiɗa. A haka suka yi furfura, asiri bai tonu ba.

Ana gobe bikin gari, Damaratos ya zo bakin tanda.

"Ɗan'uwa, gobe ka yi shiru."

"Shiru? Ni? Ka sha giya da safe ne?"

"Na tsufa, Karpos. Ina so ko sau ɗaya in ɗauki batun da ban sani ba, in ga ko abin da ake kirana da shi gaskiya ne. Ka yi min alkawari."

Karpos ya rantse da nonon da suka sha.

Washegari dandali ya cika maƙil. Wani baƙo ya miƙe ya ce, "Uwar da ɗanta ya gudo daga fagen yaƙi, ta buɗe masa ƙofa ko ta rufe?" Mutane suka fara ihun yarda. Damaratos ya sunkuyar da kai yana tunani, hannunsa na ɗan rawa. Rawar hannun nan ce ta kashe Karpos. Tsoro ya kama shi, ya ga kamar yanzu za a yi wa ɗan'uwansa dariya. Kafin ya ankara ya kwarara tsohon batunsu, na ko mutanen birnin Atina su ƙone jiragen ruwansu bayan yaƙi. Wa zai ja da wannan murya? Jama'a suka bi, na baƙo ya bi ruwa.

Damaratos ya ɗago ya dube shi, sannan ya zuba haddarsa tsaf. Aka yi ta tafi kamar dandali zai tsage. Karpos kuwa ji ya yi da ma ƙasa ta buɗe ya shige.

Da yamma ya kai masa burodi mai zuma, ya kasa haɗa ido da shi.

"Ɗan'uwa, na ga hannunka yana rawa ne..."

"Na samo mafarin maganar, Karpos, tana bakina," in ji Damaratos, ba faɗa ba tsawa. "Ashe kai ma da muka sha nono ɗaya ba ka taɓa yarda zan iya ba."

Bai ƙara hawa dandali ba har ya mutu. Karpos ya ci gaba da gasa burodinsa, amma kunya ta hana shi ɗaga murya a kasuwa. Tun daga ranar Zosime ce ke yin talla.